Auta da ƙuli-ƙulin Inna

Karatun jami'a hawa-hawa ne, kowane hawa kuwa da irin nauyin da yake ɗora wa mai shi. A digiri na farko ana tambayar ɗalibi abin da malaminsa ya riga ya sani. Amsa tana nan kwance a cikin littafi, duk wanda ya dage da bita zai tarar da ita. Digiri na biyu na bincike kuwa wani sha'ani ne dabam. A nan ɗalibi yakan tsaya gaban tambayar da ba wanda ke riƙe da amsarta, har da shehun malamin da ke duba aikinsa, ya yi ta awo da gwaji har gaskiya ta bayyana, ko ta yi masa zaƙi ko ta yi masa ɗaci. Mutane da yawa sukan shiga wannan karatu don neman takardar shaida da ƙarin girma a wurin aiki, wannan kuwa ba abin zargi ba ne. Amma akwai waɗanda karatun yakan bi su har gida, ya zauna tare da su a bakin murhu. Daga cikinsu akwai wata baiwar Allah, 'yar wani ƙauye a ƙasar Kano, wadda 'yan gidansu suke kira Auta.

Mahaifin Auta manomin gyaɗa ne, kamar yadda kakanta ya kasance tun zamanin da ake tara buhuna dala-dala a Kano ana jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Ikko. Mahaifiyarta kuwa, wadda duk unguwa ke kira Inna, sana'arta matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli. Da ribar wannan sana'a aka saya wa Auta littafinta na farko, da ita aka biya kuɗin jarrabawar fita sakandare, da ita kuma aka riƙa yi mata guzuri shekara huɗu tana jami'a tana karanta bayokemistiri, watau ilmin sinadaran da ke tafiyar da rayuwa a jikin mutum da dabba da tsiro. Bayan ta ƙare ta yi hidimar ƙasa, sai ta sami aikin koyarwa a wata sakandare. Da ta shekara biyu a nan, ta zo wa iyayenta da maganar komawa jami'a.

Mahaifinta ya yi jim, sa'an nan ya ce, "Auta, ba an ba ki takarda ba? Wane karatu ne kuma ya rage wanda shekara huɗu ba ta ishe shi ba?"

Ta ce, "Baba, wancan karatun abin da wasu suka gano aka karanta mana. Wannan kuwa so ake mutum ya gano nasa."

Inna ba ta tanka ba. Sai da dare ya yi ta kira ta ɗaka, ta ɗauko kuɗin adashin da ta kwasa a watan nan ta damƙa mata.

Ilmin da Auta ta zaɓa yaro ne in an gwada shi da lissafi ko ilmin taurari. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa sinadarin yuriya, wanda ake samu a fitsari, a ɗakin gwaji ba tare da ƙodar wata dabba ba. A 1897 kuma wani Bajamushen, Eduard Buchner, ya nuna cewa ruwan da aka matse daga yis, wanda babu ƙwaya mai rai ko ɗaya a cikinsa, yana iya tsima sukari. Sannu a hankali aka gane cewa ayyukan jiki, tun daga narkar da tuwo har zuwa daskarewar jini a bakin rauni, wasu sinadarai ne ke gudanar da su, waɗanda ake kira inzayim, kuma ana iya ware su a auna ƙarfinsu. Ƙasar nan ma tana da nata gwanayen a wannan fage. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya rasu a 2017, ya daɗe yana nazarin wani inzayim da ƙwayar cutar sammore da ciwon barci ke amfani da shi wajen ɓata jinin wanda ta kama, aikin da ya jawo masa babbar lambar kimiyya ta Nijeriya a 2009. Labarinsa ne ya ƙarfafa wa Auta guiwa, domin ya nuna mata cewa ana iya yin babban aiki a kan matsalar gida, a ɗakin gwaji na gida.

Ta fara karatu a 2021 a wata jami'a ta Arewa. Shekarar farko ta darussa ce da jarrabawa: halayen inzayim, da yadda jiki ke sarrafa abinci da guba, da lissafin ƙididdiga, da ƙa'idodin bincike. Wannan bai ba ta wuya ba, domin hanya ce da ta saba bi. Wuyar ta fara ne ran da aka ce kowa ya kawo batun da zai yi bincike a kai. Auta ta rubuto shafi goma a kan neman maganin ciwon daji daga saiwoyin itatuwa. Farfesan da aka ba shi duba aikinta ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, "'Yata, wannan aikin mutum hamsin ne na shekara ashirin. Ke kuwa shekara guda gare ki, da hannu biyu, da aljihun malamar makaranta. Tambayar da ta dace da ke ita ce wadda za ki iya amsawa, ki kuma kare amsar a gaban kowa. Wace sana'a ake yi a gidanku?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙuli-ƙuli."

Ya ce, "Madalla. Je ki karanta abin da aka rubuta game da aflatoksin, ki dawo bayan mako biyu."

Abin da ta karanta ya hana ta barci. A 1960 talo-talo fiye da dubu ɗari suka mutu a gonakin Ingila, ba a san dalili ba. Da aka bi sawu sai aka tarar duk an ciyar da su da dusar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil, kuma wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ta kama gyaɗar. Gubar da wannan fumfuna ke fitarwa ita aka raɗa wa suna aflatoksin. Manyan nau'o'inta huɗu ne, B1 da B2 da G1 da G2, kuma B1 ce ta fi sharri. Idan aka ci ta da yawa a lokaci guda takan kashe hanta nan take, kamar yadda ya faru a Kenya a 2004, inda mutum 317 suka kamu, 125 suka mutu, bayan sun ci masarar da ta yi fumfuna. Idan kuwa kaɗan-kaɗan ake ci, sai ta yi ta tara ɓarna shekara da shekaru ba wanda ya sani.

Abin da ya fi jan hankalin masu bayokemistiri shi ne yadda ɓarnar ke aukuwa. Akwai wasu inzayim a hanta, dangin da ake kira saitokurom P450, waɗanda aikinsu shi ne sauya siffar duk wani baƙon sinadari don jiki ya samu fitar da shi. To, idan suka kama aflatoksin B1, garin gyaran gira sai a rasa ido: sukan mai da ita wani abu mai kaifi wanda ke manne wa DNA, watau zaren da ke ɗauke da umarnin gado a cikin ƙwayoyin halitta. A 1991 masu bincike suka nuna cewa a wani yanki na ƙasar Sin da kudancin Afirka, inda ake yawan cin gubar, ciwon dajin hanta yakan zo da sauyin harafi guda a gurbi na 249 na wata ƙwayar gado mai suna p53, wadda ita ce ke taka wa lalatattun ƙwayoyi birki don kada su yi ta hayayyafa. Idan kuma mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin yakan ninka sau da yawa. Shi ya sa ƙasashen Tarayyar Turai ba sa yarda gyaɗar ci ta wuce mikirogiram 4 na gubar a kowane kilo. Don mai karatu ya gane ƙanƙantar wannan awo, kamar a ce nauyin ƙwayar sukari guda ne a cikin tan dubu na gyaɗa.

Saura kuma hanyar da gubar ke shiga gyaɗa, nan ne Auta ta ga gidansu ƙiri-ƙiri a cikin littafi. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa ta sha fari tana dab da nuna, fumfuna takan sami ƙofa tun a cikin ƙasa. Haka nan idan gara ta huda kwanso, ko fartanya ta fasa shi wajen cira, ko aka shanya a ƙasa raɓa ta sauka a kai, ko aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba. Gubar ba ta rarrabuwa daidai-wa-daida. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne, motsattsu da fasassu da masu baƙin ciki, suke ɗauke da mafi yawanta. Suya tana rage ta, amma ba ta kashe ta. Idan kuma aka matse mai, mafi yawan gubar yakan zauna a cikin tunkuza. Da tunkuza kuwa ake yin ƙuli-ƙuli, shi ake dakawa a yajin tsire, shi ake zubawa a kwaɗon zogale da na rama, shi yara ke gurgura a hanyar makaranta.

Ta koma wurin Farfesa da tambaya ƙarama mai iyaka: nawa ne gubar a ƙuli-ƙulin da ake sayarwa a kasuwannin yankinsu? Ta kare wannan ƙuduri a gaban malaman sashe, aka amince. Ta zaga kasuwanni tana saye tana ƙullawa a leda tana rubuta rana da wuri, har da kasuwar ƙauyensu, har da tiren Inna. Farfesa ya sa mai kula da ɗakin gwaji, wani dattijo da ɗalibai ke kira Baba, ya cire sunayen ya sa wa kowane ƙulli lamba, ya kulle takardar sunayen a durowa. Ya ce mata, "Ido yakan ga abin da zuciya ke so. Ki auna ba tare da kin san na wa kike aunawa ba."

Aikin kansa na haƙuri ne. A niƙa ƙuli-ƙuli ya yi laushi, a auna, a jiƙa shi a ruwan metanol, a girgiza, a tace, a tsarkake ruwan, sa'an nan a ɗiga ɗigo ƙanana a kan farantin gilashi da aka shafe da hodar silika. A gefensu a ɗiga tsantsar aflatoksin da aka saya daga waje, wadda aka san ƙarfinta, don ta zama ma'auni. A tsayar da farantin a cikin wani ruwan sinadari, ruwan ya yi ta hawa yana jan abin da aka ɗiga, kowane sinadari da inda yake tsayawa. Daga nan a shiga ɗaki mai duhu a haska fitilar ultrabayolet. Idan gubar tana nan, nau'in B yakan yi shuɗin haske, nau'in G kuma tsanwa. Kowane ƙulli sai an maimaita shi sau uku, kowane kwano sai an wanke shi da bilic, domin gubar da ake nema tana iya cutar mai nemanta.

Ba ta yi nisa ba sai malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki a watan Fabrairun 2022, ba a koma ba sai Oktoba. Wata takwas ɗakin gwaji yana kulle. Ƙuli-ƙulin da ta tara ya tsufa, dole ta sake zagayen kasuwanni, a sake sa lambobi. A 2023 kuma darajar Naira ta faɗi, farashin man fetur ya tashi, sinadaran da ake shigowa da su suka yi tsadar da albashinta bai iya ɗauka ba. Ita da abokan karatunta suka riƙa karo-karo suna sayen kwalba guda su raba, suna kuma haɗa kuɗin man janareto. Wani mako wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, firji ya huce, ruwan da ta yi wata guda tana tacewa ya lalace. Wani abokin karatunta ya tausaya mata ya ce, "Wa zai sani? Ki cike gurbin da lambobi masu kama da na sauran, kowa ya huta." Auta ta ce masa, "Idan na rubuta abin da ban auna ba, wanda zai karanta gobe ya ɗora nasa aikin a kan ƙarya ke nan." Ta zubar ta sake daga farko. Da ta gama, ta ɗauki wasu daga cikin ruwan a kula mai ƙanƙara ta hau motar dare zuwa wani ɗakin gwaji a Kudu mai na'urar da ta fi farantin gilashi kaifin awo, don a tabbatar mata da abin da ta gani.

Sakamako ya nuna cewa wasu ƙullin tsab suke, wasu suna da gubar kaɗan, wasu kuwa sun haye ƙa'ida nesa. Ran da Baba mai kula da ɗakin gwaji ya buɗe durowa aka haɗa lambobi da sunaye, sai ga na Inna a cikin waɗanda suka haye. Auta ta zauna a kan kujera ta daɗe ba ta ce uffan ba. A cikin kundin bincike babu sunan kowa, lamba ce kawai, saboda haka tana iya yin shiru ta karɓi digirinta ba wanda zai sani. Amma ta san yaran da ke sayen wannan ƙuli-ƙuli, ta san jikokin Inna da ke cinsa kullum.

Ta tafi gida ran Juma'a. Da dare ta yi wa Inna bayani a hankali. Inna ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Watau ni ce nake ba 'ya'yan mutane guba? Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa jin wanda ya ci ya faɗi ba. Da wannan kaskon aka yi miki karatun da yau kika zo kina auna ni da shi."

Auta ta durƙusa ta ce, "Inna, hannunki tsab yake, ga gyaɗar matsalar take. Kuma ba ciwon kwana ɗaya ba ne balle a ga wanda ya faɗi. Ki bar ni in nuna miki."

Da safe ta zuba tiya guda a faifai ta shiga tsince motsattsu da fasassu da masu baƙin ciki. Inna ta dubi abin da aka ware ta ce, "Ai wannan mun san ta, ita ce mai ɗaci, in ka tauna sai ka tofar." Lalle kuwa ta san ta, abin da ba ta sani ba shi ne, in an markaɗa an sa gishiri da barkono an soya, ɗacin yakan ɓuya amma gubar tana nan. Nan kuma ta bayyana cewa idan bazara ta yi gyaɗa ta yi tsada, Inna takan sayi gyaɗar roro da fasassa don ta fi araha, in ba haka ba ribar ba za ta fita ba. Magana ta koma ta kuɗi. Tsincewa tana cin lokaci, tana rage awo, abin da aka ware kuma ba a ba awaki ko shanu, domin gubar takan fito a nono. Sai dai a binne ko a ƙone.

Inna ta yi kwana uku ba ta ƙara tayar da maganar ba. A rana ta huɗu aka ga ta shimfiɗa tabarma ta tara jikoki kowa da faifai. Ta daina sayen ta roro, ta ƙara kuɗi kaɗan a kan ƙulli. Wasu masu saye suka koma inda ya fi araha, wasu suka tsaya. Daga cikin matan unguwa masu sana'ar, wasu sun bi sawunta, wasu sun ce wannan iyayi ne na 'yan boko. Baba kuma ya fara cirar gyaɗa a kan lokaci yana shanya ta a kan tamfal. Auta ta ba shi labarin Aflasafe, wani magani da cibiyar IITA ta Ibadan ta haɗa da abokan aikinta: dawa ce da aka lulluɓe da irin wannan fumfuna amma marar guba, ana watsa kilo 10 a kowace hekta mako biyu ko uku kafin fure, ta riga mai gubar kama wuri.

Daga wannan zama ne rabi na biyu na kundin Auta ya fito. Ta raba gyaɗa buhu guda gida biyu, aka tsince ɗaya aka bar ɗaya, Inna da kanta ta soya duka biyun, aka kai ɗakin gwaji da lambobi. Wanda aka tsince ya fito da gubar ƙasa ƙwarai da wanda ba a tsince ba, daidai da abin da masu bincike suka gani a wasu ƙasashe. A 2024 ta tsaya gaban mai jarrabawa da aka gayyato daga wata jami'a. Ya tambaye ta, "Malama, abubuwa da yawa suna yin shuɗi a ƙarƙashin wannan fitila. Yaya kika san naki aflatoksin ne?" Ta nuna masa inda ɗigonta ya tsaya daidai da na ma'auni a faranti guda, ta nuna masa sakamakon na'urar Kudu, ta kuma faɗi iyakar aikinta: kasuwannin yanki ɗaya ne, ba za a yi wa ƙasa duka hukunci da su ba. Ya gyaɗa kai ya rubuta abin da zai rubuta. Karatun da aka tsara wa shekara biyu ya ci mata uku.

Duk wanda ke niyyar shiga wannan hanya, ya kamata ya san abin da zai tarar. Ya binciki malamin da zai duba shi kafin ya binciki sunan jami'a, ya leƙa ɗakin gwaji ya ga abin da ke aiki a ciki, ya yi lissafin kuɗin sinadarai tun kafin ya biya kuɗin makaranta, ya kuma zaɓi tambaya daidai ƙarfinsa. Sama da duka, ya sani cewa littafin da yake rubuta awonsa a ciki amana ce, domin wata rana lafiyar wani za ta rataya a kan lambar da ya rubuta shi kaɗai a ɗaki ba mai ganinsa. Hukumomi da masu hannu da shuni kuma ya kamata su tuna cewa firjin da ba ya hucewa da fitilar gwaji guda ba su kai kuɗin mota ɗaya ba, amma da su ɗalibi zai iya gaya wa al'umma abin da take ci.

Auta ta koma ajinta na sakandare, tana kuma neman gurbin digiri na uku. Tambayar da take ɗauke da ita yanzu ita ce, nawa ne daga cikin wannan guba ke isa jinin yara ƙanana, kuma me take yi wa girmansu. Allah ya ba ta sa'a, ya kuma yawaita irinta a cikin 'ya'yan manoma da masu sana'a, amin.